Yadda zaka siffanta mutum da yanayin fuskarsa da Turanci, mataki-mataki

Jama'a tambayar nan ta yi yawa, masu shirin WAEC da NECO suna yi, masu IELTS, jarrabawar Turanci ta masu son fita waje karatu ko aiki, suna yi, har da masu rubuta labari: wai ya ake siffanta mutum da Turanci ba tare da an ce "he is tall and handsome" an kafe a nan ba, sannan ya ake cewa ya ɗaure fuska, ta harare ni, ya yi yaƙe. Toh ga shi nan na jera, ku bi shi a yadda yake don kowane mataki a kan na bayansa ya hau, in ka tsallake na biyu wallahi na takwas zai baka wahala.

Kayan aiki

Littafin rubutu ɗaya da ka ware ma wannan aikin kaɗai, biro, madubi, sai waya. Ƙamus kuma dole ne, in akwai Oxford Advanced Learner's Dictionary a gida ko a makaranta shikenan, in babu kar ka takura kanka sai ka saya, Cambridge Dictionary yana intanet kyauta kuma kowace kalma akwai ɗan hoton lasifika a gefenta da zaka danna ka ji yadda ake furtata, na Ingila daban na Amurka daban. Kuɗin da zaka kashe bai wuce na littafin da 'yar data ba, ni ban ga dalilin biyan kuɗin darasi a kan wannan ba.

Mataki na 1: Ka san me aka tambaye ka, kuma don me

Tambayoyi uku ne suke kama da juna suna rikita mutane. "What does he look like?" siffarsa ake nema, tsawo, fuska, gemu. "What is he like?" halinsa ake nema, mai haƙuri ne ko mafaɗaci. "How is he?" kuma lafiyarsa ce kawai, gaisuwa ce. Sai a tambayi mutum ta biyu ya kama zuba bayanin hanci da ido, an riga an sauka daga layi.

Hattara: babu "How does he look like?" a Turanci. Ko dai what da like a ƙarshe, ko how ba like, "How does he look?", ita ma wannan yanayinsa na yanzu take nema, ya warware ko har yanzu da alamar ciwo.

Sannan ka san amfanin da za a yi da bayanin. In cigiya ce ko rahoto wajen 'yan sanda ko kana kwatanta ma direba wanda zai ɗauko a tasha, abin da zai sa a gane mutum kawai ake so, kyau ko muni ba ruwan kowa. In insha'i ne na WAEC mai kalmomi wajen 450, akwai fili ka sa ra'ayinka da yadda fuskar take motsi. In IELTS ne, a kashi na biyu na magana za a miƙo maka kati a baka minti 1 ka shirya sannan ka yi magana har minti 2, kuma siffanta wani mutum yana cikin abin da yake yawan fitowa, a nan siffa jimla biyu uku ta isa sai ka wuce hali.

Mataki na 2: Raba komai gida uku, is da has da wearing

Ɗauki littafinka ka ja layi biyu, shafin ya rabu uku. Gidan farko is, na abin da mutum yake gaba ɗayansa: "He is tall", "She is slim", "He is bald". Gida na biyu has, na abin da yake jikinsa: "He has a beard", "She has big eyes". Gida na uku wearing, na abin da ake sawa a cire: "He is wearing a cap". Duk kalmar da ka koya daga yau sai ka san gidanta kafin ka rubuta ta.

Hattara, kuma wannan ita ce babbar matsalarmu: saboda muna cewa yana da gemu, tana da wushirya, sai wannan "yana" ɗin ta ja mu mu ce "he is having a beard". Ba a cewa haka. Have na mallaka ba ya ɗaukar ing, "he has a beard" ne yau da gobe da jibi. "He is having" sai a abinci da irinsu, "he is having lunch".

Wani kuma: put on aikin sawa ne na daƙiƙa biyu, lokacin da hannu yake ɗaga hular zuwa kai. In hular tana kai tun safe wearing ne. "He is putting on a white kaftan" yana nufin yanzu haka yana cikin zura ta. Ka kuma lura da bambancin "he wears glasses", wato kullum da tabarau yake, da "he is wearing glasses", wato yau ɗin nan ya sa. A cigiya wannan bambancin ba ƙarami bane.

Mataki na 3: Fara daga nesa, shekaru da tsawo da jiki

Ka bi tsarin da ido yake bi in mutum ya taho daga bakin layi, zaka fara ganin babba ne ko yaro, dogo ko gajere, mai jiki ko siriri, sai ya matso kake ganin fuska.

Shekaru in baka san takamaimai ba akwai hanya mai sauƙi: early, mid, late. "He is in his early thirties" wato talatin da ɗaya zuwa da uku haka, "in her mid-forties" tsakiyar arba'in, "in his late fifties" ya doshi sittin. Magidanci middle-aged, dattijo elderly, ta fi old ladabi nesa ba kusa ba. In ka san shekarun, "she is ten years old", amma in zaka sa su gaban suna sai s ɗin ta faɗi a sa ƙananan layuka, "a ten-year-old girl". Masu duba takarda suna kama wannan sosai.

Tsawo: tall, short, of medium height. Dogo a wajenmu ɗaya ne ko mutum ko igiya, a Turanci mutum tall ne, long na gashi da hanci da fuska ne, "a long man" abin dariya ne. Ingila da Amurka da ƙafa da inci suke faɗin tsawon mutum, ƙafa 1 inci 12 ce, santimita 30.48, kaga mai ƙafa 6 ya kai wajen santimita 183, mai "five foot eight" kuma wajen 173.

Jiki kuwa a nan ake ɓata ma mutane rai ba a sani ba. Slim yabo ne, siriri mai kyan jiki. Thin tsaka-tsaki, tana iya nufin rama. Skinny kusan zagi ce, ƙashi da rai. Dogo siriri mai dogayen gaɓoɓi lanky. Ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙirji well-built, gajere kakkaura stocky, yaro mai kumatu chubby.

Hattara da fat. Mu in an ce ka yi ƙiba ai barka ake maka, alamar hutu ce da kwanciyar hankali, amma ka ce ma Baturiya ko abokiyar aikinka a waje "you are fat" ko "you have added weight" toh ka jawo ma kanka gaba. A rubutu ka yi amfani da heavy-set ko plump ko overweight, a gaban mutum kuma ka yi shiru kawai ya fi.

Mataki na 4: Launin fata

Fari a wajenmu ba white bane. Ka ce "she is white" duk wanda ba ɗan nan ba Baturiya zai kawo a ransa, haka black jinsi take nunawa gaba ɗaya, ni da kai da farin Bafulatani duk black ne a wajensu. Abin da kake so shine light-skinned ga fari, dark-skinned ga baƙi, wankan tarwaɗa kuma "she has medium-brown skin". Irin wanda aka koya mana a makaranta, "fair in complexion" da "dark in complexion", ba kuskure bane kuma a jarrabawar nan gida zai wuce lafiya, tsohon yayi ne dai. Yellow da ake ce ma farin mutum a kudu kar ka kai shi takarda. Ka kuma sani in ka karanta "fair hair" a littafin Ingila gashi mai haske ake nufi, ruwan zinare, ba maganar fata bace. Zabiya kuma yanzu an fi son a ce "a person with albinism".

Mataki na 5: Fuska, daga sama zuwa ƙasa

Tsaya gaban madubi ka ɗora yatsa kana sauka kana faɗa da ƙarfi. Goshi forehead, gira eyebrow, gashin ido eyelashes, fatar ido eyelid, kumatu cheeks, leɓe lips, haɓa chin, muƙamuƙi jaw. Fuskar kanta round, oval, long, narrow. Ka maimaita har sai yatsa na sauka kalmar na fitowa ba tunani.

Gashi: hair ba a ƙirga shi in na kai ake nufi, "her hair is long", babu "hairs are", hairs sai in sili-sili kake nufi irin wanda ya faɗa a miya. Kitso braids ko plaits, wanda ya kwanta a kai layi-layi cornrows. Sanƙo bald, wanda sanƙon ya fara cin gaban kansa "he is going bald", wanda kuma aski ne ya yi tal kwabo "he has a shaved head", ba ɗaya bane. Furfura grey hair, Ingila grey suke rubutawa Amurka gray, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Gemu a beard, gashin baki a moustache, saje sideburns, wanda ya aske fuska tas clean-shaven. Kar ka manta da a ɗin nan, "he has beard" kuskure ne, "he has a beard".

Hattara da furuci a nan, ku danna lasifikar nan ta ƙamus: beard da bird da bear abu uku ne, gemu da tsuntsu da wata dabbar daji, haka bald da bold. Sai matsalarmu ta p da f, a pale da plump da pout leɓe biyu suke haɗuwa su fashe, a face da frown haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Madubin zai nuna maka ko ka yi daidai.

Yanzu alamomin da suka fi komai amfani don da su ake gane mutum. Wushirya "she has a gap between her front teeth". Tabo a scar. Tsaga ko bille facial marks, a Najeriya an fi cewa tribal marks, sai ka ƙara da wurin da adadin, "three short marks on each cheek". Tawadar Allah a mole, in babba ce tun haihuwa a birthmark. Ƙuraje pimples ko spots. Tabon sallah "a prayer mark on his forehead". Kwalli kohl, lalle henna. Hancin nan da muke cewa har baka, "a long, straight nose" ya fi pointed nose da aka saba ji, don pointed a kunnen Bature tsini ne kawai ba lallai yabo ba. Lotsawar kumatu in an yi murmushi sunanta dimples, marubutanmu na soshiyal midiya sun dage da kiranta beauty point, babu wannan a Turanci, abin da ke akwai beauty spot ne shi kuma ɗan baƙin ɗigo ne a fuska.

Kyau: beautiful da pretty an fi faɗa ma mace, handsome ma namiji, good-looking ta kowa ce. Ugly zagi ce tsagwaronta, ka bar ta sai in mugun cikin labarinka kake siffantawa.

Mataki na 6: Jera siffofin a kan tsari

In siffa ta wuce ɗaya a gaban suna akwai layin da suke bi: ra'ayi, girma, shekaru, fasali, launi, asali, sai abin da aka yi shi da shi. Shi ya sa ake cewa "beautiful big brown eyes", "a tall young Fulani man", "long curly black hair", "a small round face". Ka juya su ka ce "brown big eyes" za a gane ka amma kunne zai ji wani banbaraƙwai. Ba sai ka haddace duka ba, ka riƙe guda biyu sun isa yawancin aiki: ra'ayinka shi ne farko, launi kuma yana zuwa bayan girma da fasali.

Hattara: mu muna jam'inta siffa, babban ido manyan idanu, dogo dogaye. Turanci siffa ba ta motsi, "big eyes", "tall men", s a kan suna kaɗai take sauka. Kuma kar ka wuce siffa uku a jere, biyu ma ta fi daɗi.

Ga dabarar da take rage yawan he has, he has: with da in. With na abin jiki, in na tufafi. "A tall man with a grey beard", "a girl in a blue hijab", "an elderly man in a white turban". A kowane misali jimla biyu sun koma ɗaya.

Mataki na 7: Look kala uku

Look da siffa kai tsaye: "She looks tired", "He looks angry". Look like da suna: "He looks like a soldier", "She looks like her mother". Look as if da cikakkiyar jimla: "He looks as if he hasn't slept". Abin da zai biyo baya shi ke zaɓar wanda zaka ɗauka, saboda haka "she looks like tired" ba ta da gurbi. Kama ta jini kuma akwai resemble, ita ba ta son rakiya, "he resembles his father", babu with babu like a bayanta duk da mu muna cewa kama da. Akwai kuma "she takes after her mother", ta ɗauko uwarta, a kama ko a hali.

Hattara biyu a nan. Na ɗaya, "she looked angry" alamar fushi ce a fuskarta, "she looked angrily at me" kuma kallona ta yi cikin fushi, ly ɗin tana zuwa ne kawai in kallon gaske ake yi da ido. Na biyu ed da ing: "he looks bored" ya gaji da zaman, "he looks boring" shi ne mai gundurar mutane. Haka confused da confusing, worried da worrying. Wanda abin ya sama ed ne. Ka ce ma malaminka "you look boring" kana nufin ka ga ya gaji, toh Allah ya baka sa'a.

Mataki na 8: Yanayin fuska

Nan ne asalin aikin, kuma nan ne Bahaushe ya kamata ya fi kowa don harshenmu cike yake da wannan, harara daban, yatsina daban, taɓe baki daban, zumɓura baki daban. Abin takaici in an zo Turanci sai duk a tattara a ce "he was angry". Dokar da zaka riƙe: kar ka faɗi abin da ke zuciya, faɗi abin da fuskar ta yi, mai karatu zai gane sauran da kansa.

Na farin ciki. Murmushi smile. Washe baki har haƙora su fito grin. Fuska ta cika da annuri beam, ko "her face lit up". Amma ba kowane murmushi ne na alheri ba, smirk shi ne ɗan murmushin gefen baki na wanda ya ji daɗin abin da ya same ka ko yake jin ya fi ka, sneer na raini ne da ɗage leɓe. Yaƙe kuma, wanda ake cewa ya fi kuka ciwo, "he forced a smile" ko "a forced smile". Gimtse dariya "she kept a straight face". Kar ka ga smirk a littafi ta burge ka ka rubuta cewa mahaifiyarka ta yi maka ita ranar da ka ci jarrabawa.

Na ɓacin rai. Haɗe gira ko ɗaure fuska frown, tana iya zama ta tunani ko damuwa ma ba sai fushi ba. In abin ya kai murtuƙewa, ba alamar wasa, scowl. Harara glare, "she glared at me", ko "she gave me a dirty look". Zumɓura baki irin na yaro ko na shagwaɓa pout. Yatsina fuska don ƙyama ko ɗacin magani grimace, ko "he pulled a face", in zafi ne ya sa ka ɗan runtse kamar lokacin allura wince. Taɓe baki na ko oho ko na raini, mafi kusa "she curled her lip". Cije leɓe "he bit his lip". Annuri ya ɗauke lokaci guda "his face fell".

Hattara, ga guda huɗu da suka zama ruwan dare a Turancin Najeriya. "He frowned his face" babu ita, frown ita kaɗai take tafiya, "he frowned". "She squeezed her face" ma haka, frowned ko scowled kake nufi. "She eyed me" a wajensu kallon ƙurilla ne ko na zargi ko na sha'awa, ba harara ba. Sai tsaki, duk ƙasar nan hiss muke cewa kuma malamin nan gida zai gane, amma a waje hiss hucin maciji ne ko na kyanwa, tsaki sunansa "she sucked her teeth", a Ingila zaka ji "kissed her teeth".

Na mamaki da tsoro. Zare ido "his eyes widened". Sakin baki "her jaw dropped", ko "he gaped at me". Ɗaga gira "she raised her eyebrows". Juya ido sama na kai ka ishe ni "she rolled her eyes".

Na kallo. Ƙura ido stare, kuma a wajensu rashin ladabi ne. Kallo mai tsawo na so ko na tunani gaze. Kallo ɗaya a ɗauke kai glance. Ƙifta ido biyu blink, kashe ido ɗaya da gangan wink, don Allah kar ka haɗa su, "the girl winked at the teacher" wani labarin ne daban. Sunkuyar da kai don kunya "she lowered her eyes" ko "she looked down shyly". Gwalo "he stuck his tongue out at me".

Akwai blush da turn pale da "his face went red" da suka cika littattafan Turawa, jini ne yake hawa fuska a ga ja ko ya sauka a ga fari fat. Ku san su don karatu, amma ni shawarata kar ka kwafo su ka manna ma kakarka baƙa wuluk, ba a ganin wannan a fatarta. Rubuta abin da ake gani da gaske, ta rufe fuska da mayafi, "she hid her face behind her veil", idonsa ya kaɗa ya yi ja, "his eyes were red", wannan ya fi gaskiya kuma ya fi daɗin karantawa.

Duk waɗannan tsari huɗu suke shiga. Aiki da at: smile at, frown at, glare at, stare at, wink at, babu "smiled to me". Gave da look ko smile: "He gave me a puzzled look". With a wani abu on his face: "She came in with a scowl on her face". Sai gaɓar ta zama ita ce mai aikin: "His eyes narrowed". Ɗauki kalma ɗaya, misali glare, ka juya ta a tsari biyu ko uku a littafinka. Ka kuma kula laugh at dariyar ƙeta ce ake ma mutum, laugh with tare kuke yi.

Mataki na 9: Haɗa su wuri ɗaya

Zaɓi abu uku ko huɗu da suka bambanta mutumin da sauran jama'a, ka bar sauran. Kowa yana da ido biyu da hanci, in ka bi gaɓa-gaɓa kana lissafi sai rubutun ya koma kamar ana karanta lis ɗin kayan lefe. Mu ɗauka kawunka ne zai sauka a tasha, ka tura ma wanda zai ɗauko shi saƙo:

"He is a tall, slim man in his late fifties. He is dark-skinned, with a short grey beard and a small scar on his left cheek. He wears glasses. Today he is wearing a white kaftan and a blue cap."

Duba yadda ya tafi, nesa, fata, fuska, alama, tufafi, babu ra'ayi ko ɗaya. Ga shi kuma kawun dai a insha'i:

"My uncle is a tall, slim man in his late fifties, with a narrow face and a short grey beard. He looks stern, and when he raises one eyebrow the whole house goes quiet. But when my little sister runs to him, his face lights up and he grins, showing the gap between his front teeth."

A na biyun siffa jimla ɗaya ce tak, sauran duk motsin fuska ne, kuma ba a ce yana da kwarjini ko yana son yara ba amma ka gani da idonka.

Hattara da lokaci. Siffar dindindin ta mai rai, is da has da s a ƙarshen aiki, he looks, she smiles, wannan s ɗin ita ce ta fi salwanta a takardun ɗalibai. Bayanin hoto ko abin da ke faruwa yanzu, "she is smiling". Labari ko mamaci ko cigiyar abin da ya sa ranar da ya ɓata, was da had, "he was wearing a green shirt". In ka fara da ɗaya kar ka yi tsalle zuwa wani a tsakiyar sakin layi. Kayanmu da ba su da suna a Turanci irin babbar riga ka bar su da sunansu ka ɗan yi bayani, "a babbar riga, a wide flowing gown", ba laifi bane.

Mataki na 10: Atisaye da duba aiki

Kullum mutum ɗaya, jimla biyar, na gida ko na hoton jarida, minti goma ya isa. Sai ka kunna fim ɗin Hausa ka kashe sautin, duk inda fuska ta canza ka tsayar ka faɗi abin da ta yi da Turanci, 'yan wasanmu ba sa rowar harara da taɓe baki don haka kayan aiki ba zai yanke maka ba. In kuna da yawa ku yi wasa da shi, ɗaya ya siffanta wani a aji ko a majalisa ba tare da suna ba sauran su canka, in an kasa canka toh alamomin da ka zaɓa ne basu bambanta shi da kowa ba, koma mataki na 5. Masu IELTS ku ɗauki muryarku a waya kuna kallon agogo har minti 2, sannan ku saurara.

Kafin ka miƙa kowane rubutu ka bi shi da biro sau ɗaya kana neman abu biyar kawai: akwai "is having" a ciki, akwai beard ko moustache ko scar da babu a a gabansa, akwai hairs, akwai like bayan look alhali siffa ce ta biyo, akwai he ko she da aikinsa ya rasa s. Duk wanda ka samu ka ja masa layi ka sake rubuta jimlar gaba ɗayanta a ƙasa, kar ka tsaya gyaran kalma ɗaya a sama.